Tukunya Mai Fito

Kwana uku ruwan Agusta bai ɗauke ba a Kabong.
Sanyi ya ratsa bargo, ya sami ƙashi.
Na sauko da tukunyar Ngo daga saman kabad,
mai fito, mai murfi da makulli,
wadda aka ɗaure hannunta ɗaya da waya.

Da safe na je Kugiya.
Dalyop mahauci ya dube ni, ya ce,
"Ɗan Kangyang ne? To, haƙarƙari ke nan."
Bai tambayi na nawa ba.
Ya sara gaɓa-gaɓa,
ya jefa guringuntsi a leda, gyara.

Na wanke aladen da lemon tsami,
na tafasa shi sau ɗaya, na zubar da kumfar.
Sai turmi:
attaruhu biyar, ita bakwai take sawa,
citta mai yatsu, kimba, tafarnuwa,
kanumfari uku kacal don ba ya jin magana,
da masoro, wanda shi ne mai gidan.
A farfasa shi kawai, kada ya zama gari,
haƙori ya gamu da shi ya san ya gamu da wani.

Ruwa ya sha kan nama, bai wuce layi ba.
"Tukunyar nan ba ta son haɗama," in ji Ngo.
Na juya murfin har ya ce ƙas.
Daga nan ba leƙe, ba ɗanɗano,
ludayi ya zama ɗan kallo.

Tukwane biyu ne a gidanmu.
Ɗayar an shafa wa hannunta jan fenti,
da ludayinta daban, da sosonta daban,
alade bai taɓa ganin cikinta ba.
Ta Barira ce, maƙwabciyarmu ta bayan katanga.
Ran Kirsimeti mijinta ke yanka mana akuya,
ran Sallah cinyar rago ke tsallako mana.
Ranar irin wannan girki kuwa Ngo kan ɗaga murya:
"Barira, rufe taga, yau namu ne!"
Ita kuma ta ce, "Na ji fito tun ɗazu,
hancina ya ɗauki azumi."

Fito na fari.
Tururi ya daki silin, kyanwa ta bar kicin.

Shekarar da gari ya tafasa ba kafar tururi,
akori-kura ta kwashe su da dare zuwa Rikkos.
Ba sallama. Tabarma ɗaya ta faɗi a lungu.
Ngo ta wanke mai jan hannun, ta kife,
duk Disamba ta sake wankewa, ta sake kifewa.

Fito na biyu. Na uku.
Na rage wuta, na ba ta minti ashirin,
na kashe, na zauna a kan turmi.
Ba a buɗe ta da fushinta.
Wanda ya gwada, fuskarsa ce ke biya.
Sai ta huce don kanta,
ɗan ƙarfen nan ya faɗa, ƙit.

Nama ya saki ƙashi ba gardama.
Na yayyaga ɗoɗɗoya a kai,
na zuba a kan dankalin Bokkos.
Cokali uku, goshi ya jiƙe, hanci ya ɓalle,
sanyi ya tattara nasa ya fita ta ƙarƙashin ƙofa.
Ya yi daɗi. Bai kai nata ba.
Attaruhu biyun nan ne, ko hannu, ban sani ba.

Mai jan hannun tana nan a kife.
Gobe in ruwa ya ɗauke
zan sayi haƙarƙarin akuya wajen Malam Ɗanjuma,
in sa bakwai cif,
in ɗaure kwano a ɗankwalin Ngo, in tari keke.
Shekara nawa ke nan, gemu ya fito.
Wataƙila Barira ba za ta gane ni ba.
Yajin dai za ta gane.